Kwanciya Ba Ita Ce Jinyar Mai Shanyewar Ɓarin Jiki Ba

A yawancin gidajenmu, ranar da aka sallamo mai shanyewar ɓarin jiki daga asibiti, ɗaki ake gyara masa, a shimfiɗa katifa, a kwantar da shi. A ba shi abinci a baki, a ɗauke shi cak zuwa makewayi. In ya yunƙura zai kai hannu ga kofin ruwa, sai 'yarsa ta yi wuf ta ce, "Bari Baba, kada ka wahalar da kanka." 'Yan dubiya su shigo su yi sannu, su ce Allah ya sa kaffara ce, su ƙara da cewa a bar shi ya huta. Duk ƙauna ce ta kawo haka. Sai dai bayan wata shida za a tarar yatsun hannun sun dunƙule sun ƙi buɗuwa, gwiwa ta ƙage, gyambon kwanciya ya fito a kwankwaso, a ce ciwon ne ya ci ƙarfinsa. Alhali kuwa wani kaso na wannan lalacewa kwanciyar ce ta jawo shi.

Su kansu likitoci sun daɗe a kan wannan kuskure. Har zuwa wajajen 1950, wanda ya samu bugun zuciya a Amurka ko Ingila mako shida ake ajiye shi a gado, ba tashi ba zama. A 1952 ne wasu likitoci biyu a birnin Boston, Samuel Levine da Bernard Lown, suka wallafa abin da suka gani da suka riƙa ɗaga irin waɗannan majinyata suna zaunar da su a kujera: zaman bai cutar da su ba, sai ma sauƙi da suka ƙara samu. A 1966 kuma, a birnin Dallas, aka kwantar da samari biyar lafiyayyu 'yan shekara 20 har mako uku, ana auna ƙarfin zuciyarsu. Bayan shekara 30 aka sake nemo su aka auna. Abin mamaki, kwanciyar mako ukun nan ta fi tsufan shekara talatin rage musu ƙarfi. To, in haka ta yi wa saurayi mai jini a jika, ina ga dattijon da ciwo ya riga ya kayar?

Shanyewar ɓarin jiki ba a hannu ko ƙafa take farawa ba, a ƙwaƙwalwa take. Jijiyar jini ce ke toshewa ko ta fashe, sashen da take shayarwa ya mutu, gaɓar da yake juyawa ta daina jin umarni. Abin da ya mutu ba ya dawowa, amma Allah ya yi ƙwaƙwalwa da hikimar buɗe sabuwar hanya a gefen wadda ta rushe. Kamar turbar gona ce: in ana bin ta kullum sai ta fito fili, in aka daina ciyawa ta rufe ta. Maimaita motsi shi ne bin turbar, kuma ƙwaƙwalwa ta fi karɓar wannan horo a wata uku zuwa shida na farko. Waɗannan watannin su ne muke ɓatarwa a yawon neman mai cire iska da mai shafa mai. Addu'a ba ta hana gashi, wato atisayen motsa gaɓoɓi na asibiti, gashi ba ya hana addu'a. A haɗa su.

Wani bincike da aka yi a Amurka, mai suna EXCITE, wanda ya fito a 2006, ya nuna wannan ƙarara. Majinyata 222 aka ɗauka, waɗanda ciwon ya same su wata uku zuwa tara da suka wuce, kuma akwai ɗan sauran motsi a hannun. Wani rukuni daga cikinsu aka sanya wa lafiyayyen hannunsu safa mai kauri kusan duk yini har mako biyu, aka tilasta wa mai ciwon yin aiki: ɗaukar cokali, juya mabuɗi, ɗaura maɓalli, na sa'o'i a kowace rana. Hannun nasu ya fi na sauran farfaɗowa, kuma bayan shekara guda ribar tana nan. Wato hannun da aka daina nema da aiki, mantawa yake yi da aikin.

Amma kada wani ya ji haka ya je ya tayar da majinyacinsa tsaye ranar da ya faɗi. An gwada wannan ma. Binciken AVERT, wanda masana daga Ostareliya suka jagoranta, ya fito a 2015 da majinyata 2,104 daga ƙasashe biyar. Waɗanda aka matsa wa tashi da yawan motsi tun cikin awa 24 na farko, kashi 46 cikin ɗari ne suka samu kyakkyawan sauƙi bayan wata uku; waɗanda aka bi a hankali, kashi 50. Gaggawa aikin shaiɗan. Likita ne zai faɗi ranar farawa, kuma kaɗan-kaɗan sau da yawa ya fi dogon zama guda mai gajiyarwa.

Ga wanda ke cewa ba shi da kuɗin manyan na'urori, akwai labari mai daɗi. A binciken LEAPS na 2011, mai mutum 408, an kwatanta injin tafiya mai riƙe nauyin majinyaci da atisayen da likitan gashi ke zuwa ya koyar a gida. Bayan shekara guda babu wanda ya fi wani. Kusan kashi 52 cikin ɗari na dukkansu tafiyarsu ta gyaru. Kujera mai ƙarfi, bangon dafawa, tsakar gida da mai kama masa sun isa a yi aiki mai yawa, muddin likitan gashi ne ya tsara shi. Manyan asibitocinmu, irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, suna da sashen gashi. A nemi a tura majinyaci can tun kafin sallama, kuma mai jinya ya tsaya ya koya da idonsa.

Akwai ɓarnar da ake yi da sunan taimako. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye don a tayar da shi, kafaɗar na iya gocewa. Kada a gasa masa jiki da ruwan zafi ko garwashi, domin ɓarin da ba ya ji zai ƙone bai sani ba. In yana ƙwarewa wajen ci ko sha, a gaya wa likita, don abincin na iya sauka huhu. Wanda bai iya juyawa da kansa, a juya shi duk bayan awa biyu.

Masu ciwon zuciya ma hukuncinsu ke nan. Wani nazari na 2016 da ya tattara gwaje-gwaje 63 a kan mutum fiye da 14,000 ya gano cewa motsa jiki bisa tsarin likita ya rage mutuwa ta ciwon zuciya da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Tafiya ce ta fi sauƙi: wadda za ka ɗan yi haki amma kana iya magana. In ƙirji ya ɗaure, ko jiri ya taso, ko numfashi ya sarƙe, a tsaya nan take a nemi likita.

Duk wannan wahala kuwa za ta tashi a banza in aka bar abin da ya kawo ciwon. Binciken SIREN da aka yi a Nijeriya da Gana, har da Kano da Zariya, wanda ya fito a 2018, ya danganta kusan kashi 90 cikin ɗari na shanyewar ɓarin jiki a yankinmu da hawan jini. Wanda ta taɓa samu, tana iya dawo masa. Saboda haka maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi, a kuma rage gishiri da dunƙulen ɗanɗano a miya.

In ka ga bakin wani ya karkace, hannu ya saki, magana ta harɗe, kada ka tsaya ɗura masa ruwa ko jiran gari ya waye, ku nufi asibiti. In kuma kana da majinyaci a kwance a ɗaki yanzu haka, ko ya shekara, ka kai shi likitan gashi ya duba shi a wannan makon.