Wane Shafi Ne Ya Fi Tsare Ƙarfe Daga Tsatsa?

Da zarar an sayar da amfanin gona, ƙungiyoyinmu sukan shiga sayen kayan ƙarfe: kwanon rufin sito, bokitai, garmar shanu, wani ma bindigar korar birai. A kasuwa kuwa ido yakan bi abin da ya fi ƙyalli. To, 'yan'uwa, tambayar da ta kamata mu yi kafin ma'aji ya fitar da kuɗi ita ce: in ƙarfen nan ya ƙarje, me zai faru?

Tsatsa ba ta kama ƙarfe sai ruwa da iska sun taɓa shi. Duk shafin da ake yi masa, ƙoƙari ne na raba shi da su. Maƙeran bindiga sun daɗe da wannan fama, gama gumin hannu da dattin albarushi duka suna cin ƙarfe. Baƙin nan mai sheƙi da muke gani a jikin libarba ko bindigar farauta ba fenti ba ne. Wata irin baƙar tsatsa ce da ake sa wa ƙarfen da gangan cikin ruwan magani mai zafi. Tana da kyan gani, amma ko kusa ba ta kai kaurin gashin kai ba, in kuma babu mai, kwana kaɗan cikin laima jar tsatsa za ta fito. Akwai wani shafi mai launin toka wanda aka yi wa bindigogin sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya fi baƙin nan jimiri, domin kaushinsa yana riƙe mai kamar soso. Amma shi ma, man ne yake yawancin aikin.

Shafin kurom da nikel, irin na kan keke, yana da tauri da ban sha'awa. Sai dai ran da ya tsage, tsatsa za ta shiga ƙarƙashi ta yi ta ci har ya ɓamɓare. Haka gwangwanin madara, wanda kuza aka shafa masa.

A nan ne tutiya ta bambanta da su. Ita ce farin nan na jikin kwanon rufi da bokiti. Ana tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya mai zafin digiri 450, dabarar da wani Bafaranshe mai suna Sorel ya yi wa rajista a 1837. In kwano ya ɗan ƙarje, tutiyar da ke kewaye da wurin ita ce take fara lalacewa, ƙarfen ya tsira. Saboda haka a ganinmu babu kamarta ga abin da zai zauna a waje. Amma tana da abokan gaba. Takin zamani yana cinye ta, kada a jingina buhunansa da kwano. Kada kuma a dama maganin ciyawa na gilaifoset a bokitin tutiya, gama yana haifar da iska mai kama wuta. Mai walda ma ya yi aikinta a fili, hayaƙinta yana sa zazzaɓi.

Ƙarfe marar tsatsa kuwa ba shafi ba ne, kurom ne aka gauraya cikinsa, fiye da kashi 10 cikin 100. Harry Brearley ya samo shi a Shefil ta Ingila a 1913, yana neman ƙarfen bututun bindiga ne ma. Ƙarjewa ba ta damunsa. Tsada ce damuwarsa, sai mu bar shi ga kwanon tatsar nono.

Garma fa? Babu shafin da zai jure gogar ƙasa, fentin bakinta wuni ɗaya ne. In an gama huɗa a kankare ƙasar, a wanke, a shanya, a shafa baƙin mai, a ɗora ta kan katako cikin ɗaki. Mai bindigar toka kuma ya wanke bututun da ruwan zafi a ranar da ya yi harbi, ya bushe sarai kafin ya sa mai.