Kukan Mage a Kan Katanga

A Rimaye, gidan da ke da rumbun gero da dawa da wuya ya rasa kyanwa. Aikinta kamun ɓera, ladanta ragowar tuwo da inuwar zaure, kuma ba mai lissafa watanninta. Sai wani dare a ji kuka daga kan katanga, dogo mai ratsa jiki kamar na jariri. Tsofaffi su yi a'uziyya, don an daɗe ana cewa aljanu da mayu kan shiga siffar mage, musamman baƙa. Yara kuwa su rarumo hoge. Alhali 'yar magen nan ce da aka karɓo a maƙwabta ta balaga, tana neman barbara karon farko.

Abin kan zo da wuri. Yawanci tsakanin wata 5 zuwa 9 ne, wata ma tun tana wata 4, jikinta bai gama ƙwari ba. Za ta riƙa goga kai a ƙafar mutane, ta yi birgima a tsakar gida, ta rage cin abinci. In an shafi bayanta sai ta kwantar da ƙirji, ta ɗaga ƙugu, ta karkatar da wutsiya gefe, tana tattaka ƙafafun baya. Ba ta zubar da jini yadda karya ke yi. In an ga jini, wannan ciwo ne, sai likita.

Kukan kan ɗauki kusan mako guda. In ba ta haɗu da namiji ba, bayan mako 2 ko 3 ya dawo. A Turai gajeren yinin hunturu kan ba mage hutu, amma a ƙasar Kankiya da Kusada bambancin tsawon yini a shekara bai kai awa 2 ba, don haka tana iya nema a kowane lokaci.

Masu amsa kiran su ne muzurai, waɗanda aka yi wa kirari da mai kaza zagi, marar kaza zagi. Ƙamshin fitsarinta ke jawo su, su kwana suna faɗa a kan rufin soro. Jikin kyanwa ba ya sakin ƙwai sai an yi barbarar, kuma gaban muzuru na da ƙananan ƙayoyi. Shi ya sa da an gama take ƙwalla ƙara ta juyo da farce, ko da a gida kyanwar Lami ce, ba cizo ba yaƙushi. Ciki kwana 63 ne zuwa 65, 'ya'ya galibi uku zuwa biyar, kuma haihuwa ɗaya kan iya haɗa ubanni daban-daban. Tana cikin shayarwa ma wani cikin na iya shiga.

Duka ba ya tsayar da kukan, zalunci ne kawai. A ajiye ta a ɗaki mai iska da ruwa da abinci da kaskon yashi. Kulle ta ba ci ba sha kuwa, kowane ɗalibin Islamiyya ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda hakan. Kada a ba ta farasitamol da sunan rage mata zafi: ƙwaya ɗaya na iya kashe ta. Allurar hana ɗaukar ciki ma ba abin wasa ba ce, tana jawo ruɓar mahaifa da ƙari a nono.

Wanda ba ya son ganin 'ya'yan mage a bola yara na jifansu, ya nemi a yi mata aikin cire mahaifa, zai fi kyau kafin nema na farko, don hakan na rage haɗarin kansar nono. Malaman dabbobi na ƙaramar hukuma kan nuna inda ake yi, a Katsina ko Kano, ko asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya. A tafiya ɗaya sai a haɗa da rigakafin ciwon haukan kare, don kyanwa ma na kamuwa da shi, kuma ita ce ke kwana kusa da yara.