In'ina wajen matasa masu magana da Farisanci

Yara, kun san in'ina. Mai in'ina ya san abin da yake so ya faɗa, amma kalma takan maƙale masa. Wani lokaci ya maimaita gaɓa ɗaya sau da yawa, wani lokaci ya ja ta, wani lokaci kuma murya ta ɗauke masa.

Babu ƙasar da ba a in'ina. Takan fara ne tun yaro yana da shekara 2 zuwa 5. Cikin yara 100, wajen 5 sukan yi ta. Mafi yawansu suna dainawa, har ya rage wajen mutum 1 cikin manya 100. Ta fi kama maza, kuma sau da yawa gadonta ake yi. Ba ta da alaƙa da ƙarancin basira.

Bari mu duba matasa masu magana da Farisanci. Farisanci harshe ne na Iran da Afganistan da Tajikistan. A cikinsa ana kiran in'ina "loknat".

Mutanen Iran suna girmama iya magana ƙwarai. Suna da wata al'ada mai suna "ta'arof". Baƙo ba ya karɓar shayi nan da nan. Sai ya ƙi cikin ladabi, mai gida ya nace, su yi ta musayar kalamai masu daɗi. A bikin Nauruz, wato sabuwar shekararsu, wajen 21 ga Maris, yara suna zuwa gaida manya gida gida. Saurayi mai in'ina yakan ji tsoron a ɗauki shirunsa rashin ladabi ne.

A makaranta kuma ana haddace waƙoƙin Firdausi da Sa'adi da Hafiz. Akwai ma wata gasa: wani ya kawo baiti, na gaba ya kawo wanda ya fara da harafin ƙarshe na wancan. A hira, mai in'ina yakan musanya kalma mai wuya da mai sauƙi. A baitin waƙa babu halin haka. Shi ya sa wani ɗalibi, ko ya san amsa, ba ya ɗaga hannu.

Bayan juyin juya halin 1979, iyalai da yawa sun bar Iran. Wasu sun zauna Los Anjeles a Amurka, wasu Hambur a Jamus. Ƴaƴansu suna Farisanci a gida, Ingilishi ko Jamusanci a makaranta. In'ina takan fito cikin harsunan biyu, amma tana iya fin nauyi cikin ɗaya. Wasu iyaye sukan zaci harshe biyu ne ya jawo ta. Masana ba su ga haka ba. Ku ma masu koyon Hausa da Faransanci kada ku ji tsoro.

Akwai masu koya wa mai in'ina dabarun sassauta magana. Ranar 22 ga Oktoba kuma, tun 1998, ana faɗakar da duniya a kan in'ina. Amma babban taimako yana hannun mai sauraro. In an yi dariya ko an gaggauta mutum, in'ina takan ƙaru. In abokinku ya maƙale, kada ku kwaikwaye shi, kada ku ƙarasa masa magana. Ku dube shi, ku jira har ya gama.

Tambayoyi
1. A waɗanne ƙasashe ake magana da Farisanci?
2. Don me gasar waƙa take yi wa mai in'ina wuya?
3. Me ya kamata mai sauraro ya yi?