Agogon Zamani da Shiga Ruwa: Bayani a Kan Alamominsa da Sharuɗɗan Garanti

Gabatarwa

Kamar yadda jama'a suka shaida, a 'yan shekarun nan agogon hannu na zamani, wato irin wanda ake haɗawa da wayar salula yana nuna saƙonni tare da ƙirga taku da bugun zuciya, ya bazu har cikin kasuwannin ƙauyukanmu. Matasa na sayensa da abin da suka tara daga noman rani ko sana'ar hannu, ma'aikatan ƙananan hukumomi na ɗaura shi, alhazai kuma kan kawo shi tsaraba. Sai dai akwai wata matsala da kan haddasa saɓani tsakanin mai saye da mai sayarwa. Mutum zai ga an rubuta a kwali cewa agogon yana jure ruwa, ya shiga rafi ko madatsar ruwa da shi ya yi iyo, bayan kwana ɗaya ko biyu fuskar agogon ta yi hazo, ko kuma ya mutu gaba ɗaya. Idan ya koma shago da takardar garanti, sai a ce masa garanti bai shafi ɓarnar ruwa ba. Daga nan sai cacar baki, wani lokaci har gaban mai unguwa.

A wannan kasida za mu yi bayanin ma'anar alamomin da ake rubutawa a jikin agogon, da dalilin da ya sa ruwa ke shigarsa duk da waɗannan alamomi, da abin da garanti ya ƙunsa, da kuma haƙƙin da dokar ƙasa ta bai wa mai saye.

Ma'anar Alamomin da Ke Jikin Kwali

Abu na farko da ya kamata a fahimta shi ne, babu agogon da ruwa ba ya iya shigarsa. Abin da kamfani ke rubutawa shi ne iyakar abin da agogon ya jure a ɗakin gwaji lokacin da yake sabo. Alamomin kuwa iri biyu ne.

Na farko shi ne wanda ke farawa da haruffan IP, sai lambobi biyu su biyo baya, bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa mai lamba IEC 60529. Lamba ta farko tana nuna kariya daga ƙura, kuma 6 ce mafi girma. Ta biyu tana nuna kariya daga ruwa. Idan an rubuta IP67, ana nufin an nutsar da agogon a zurfin mita 1 na tsawon minti 30 bai sha ruwa ba. Idan IP68 ne, zurfin ya wuce mita 1, amma kamfanin ne ke ƙayyade shi, kuma da yawa kan tsaya a mita 1.5 na minti 30. Inda aka ga harafin X a madadin lamba, kamar IPX7, to ba a bayar da sakamakon gwajin wannan ɓangare ba. Ana yin wannan gwaji ne da ruwa mai tsabta, marar gishiri, wanda yake kwance ba ya gudu, agogon ma ba ya motsi. Saboda haka agogo mai wannan alama ya dace da alwala da wanke hannu da yayyafi da gumi, amma ba a yi shi don iyo ba, sai idan kamfanin ya faɗi haka ƙarara a littafin bayaninsa.

Na biyu shi ne wanda ake rubutawa da haruffan ATM ko da adadin mita, bisa ƙa'idar ISO 22810 ta shekarar 2010. ATM ɗaya ya yi daidai da matsin ruwa mai zurfin kimanin mita 10. Don haka 3 ATM na nufin mita 30, 5 ATM mita 50, 10 ATM kuma mita 100. A nan ne mutane da dama ke yin kuskure, domin suna zaton za su iya nutsewa har wannan zurfi. Abin da aka yi kawai shi ne, an sanya agogon cikin tukunyar gwaji aka matsa masa ruwa daidai wannan nauyi na minti 10. A aikace, mai 3 ATM fantsamar ruwa kawai yake jurewa. Mai 5 ATM shi ne ake iya iyo da shi a ruwa marar zurfi. Mai 10 ATM ya fi dacewa da wanda iyo ya zame masa al'ada. Masu nutso mai zurfi kuwa suna da nasu agogon daban, mai ƙa'idar ISO 6425.

Ko a kamfani ɗaya ma, agogo ya bambanta da agogo. Alal misali, agogon farko da kamfanin Apple ya fitar a shekarar 2015 alamar IPX7 gare shi, kuma ba a yi shi don iyo ba. Sai a 2016 ne kamfanin ya fitar da samfurin Series 2 mai mita 50, wanda ya amince a yi iyo da shi, sannan a 2022 ya fitar da samfurin Ultra mai mita 100, wanda ya ce ana iya nutso da shi har zurfin mita 40. Ke nan sunan kamfani kaɗai bai isa hujja ba, sai an duba abin da aka rubuta a kan samfurin da ke hannu.

Dalilin da Ya Sa Ruwa Ke Shiga

Abin da ke tsare ruwa a jikin agogo bai wuce siririn zoben roba da gam da aka liƙe gilashi da murfin baya da su ba, sai kuma ɗan ƙyalle mai laushi da ke rufe ramukan lasifika da makirfo. Waɗannan abubuwa suna tsufa kamar yadda kowace roba ke tsufa. Kamfanin Apple da kansa ya bayyana cewa juriyar ruwa ba ta dindindin ba ce, tana raguwa da tafiyar lokaci. Agogon da ya jure ruwa a watan da aka saye shi, ba lalle ne ya jure bayan shekara biyu ba.

Abubuwan da ke saurin raunana wannan kariya sun haɗa da faɗuwar agogo a ƙasa, ko da gilashin bai fashe ba. Barinsa a rana ko cikin mota a lokacin bazara. Sabulu da omo da turare da man shafawa. Ruwan zafi da tururi. Da kuma buɗe shi a wurin mai gyara, domin da wuya a mayar da liƙin yadda masana'anta ta yi shi. Haka nan ruwa mai fitowa da ƙarfi, kamar na bakin injin ban-ruwa, ko tsalle cikin ruwa daga kan gada ko dutse, yana bugun agogo da ƙarfin da ya bambanta da na ɗakin gwaji. Ruwan rafi da na kududdufi yana ɗauke da laka da yashi masu toshe ramuka, na wuraren iyo na otal-otal yana da sinadarin kulorin, na teku kuma gishiri.

Ya kamata a lura cewa ruwa ba ya kashe agogo nan take a kowane lokaci. Ɗigo kaɗan kan shiga ya zauna, ya fara haifar da tsatsa a kan wayoyin ciki, sai bayan kwanaki matsalar ta bayyana. Sanya agogo a caji yana jiƙe kuwa yana ƙara saurin wannan ɓarna.

Abin da Garanti Ya Ƙunsa

Garanti alkawari ne da kamfani ke yi cewa zai gyara ko ya musanya kaya idan aka sami aibin da ya taso daga masana'anta, galibi cikin shekara ɗaya daga ranar saye. Garanti ba inshora ba ne, don haka bai shafi haɗari ko sakacin mai kaya ba. Takardun garanti da yawa na kayan lantarki sun ambaci shigar ruwa a cikin jerin abubuwan da kamfani ba zai ɗauki nauyinsu ba. A cikin wayoyi da wasu agoguna akwai 'yar farar alama da ke komawa ja idan ruwa ya taɓa ta, kuma masu gyara na kamfani kan duba ta kafin su yanke hukunci.

A nan akwai hali biyu da ya wajaba a bambance. Wanda ya yi iyo da agogo mai IP67 ko IP68, alhali littafin bayani bai amince da haka ba, ya yi amfani da kaya ba bisa ƙa'ida ba, kuma da wuya ya sami biyan buƙata. Amma wanda agogonsa sabo ne, mai 5 ATM, kamfani ya ce a yi iyo da shi, bai faɗi ba, ba a buɗe shi ba, kuma ya sha ruwa a wuri marar zurfi, wannan yana da hujjar cewa aibin daga masana'anta yake, kuma bai kamata ya haƙura da jin kalmar "ruwa ne" kawai ba.

Wasu kamfanoni na sayar da ƙarin kariya ta haɗari da kuɗi daban, kamar AppleCare+ da Samsung Care+, amma ba a kowace ƙasa ake samunta ba. Haka kuma garantin wasu kamfanoni yana aiki ne kawai a ƙasar da aka sayi kayan, abin da ya shafi agogunan da ake kawowa tsaraba. Agogo na hannu, wanda wani ya riga ya yi amfani da shi, sau da yawa garantinsa ya ƙare. Jabu kuwa, alamar da ke jikin kwalinsa rubutu ne kawai, babu gwajin da ya tabbatar da ita.

Darasi Daga Wasu Ƙasashe

Wannan taƙaddama ta kai gaban hukumomi a wasu ƙasashe, ko da yake a kan wayoyi ne. A watan Nuwamba na 2020, hukumar kula da gasar kasuwanci ta ƙasar Italiya ta ci tarar kamfanin Apple Yuro miliyan 10, saboda ya tallata wasu wayoyin iPhone a matsayin masu jure ruwa ba tare da bayyana cewa a yanayin ɗakin gwaji ne kawai ba, sannan ya ƙi gyara waɗanda ruwa ya lalata a ƙarƙashin garanti. A watan Yuni na 2022 kuma, Kotun Tarayya ta ƙasar Ostireliya ta umarci reshen kamfanin Samsung na can da ya biya dalar Ostireliya miliyan 14, bisa tallace-tallacen da ya yi tsakanin 2016 da 2018 masu nuna ana iya shiga wurin iyo da teku da wasu wayoyin Galaxy. Darasin da ke ciki shi ne, abin da mai sayarwa ya faɗa ko ya nuna a talla yana da nauyi a gaban doka, ko da takardar garanti ta faɗi wani abu daban.

Matsayin Dokar Nijeriya

A ƙasarmu, dokar da ke kare mai saye ita ce Dokar Gasa da Kare Haƙƙin Masu Sayen Kaya ta Tarayya ta 2018, wadda aka sanya wa hannu a 2019. Ita ce ta kafa hukumar FCCPC, wadda ta maye gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye da aka kafa a 1992. Sashe na 131 na dokar ya bai wa mai saye haƙƙin samun kaya mai inganci, marar aibi, wanda ya dace da aikin da aka yi shi dominsa. Ya kuma tanadi cewa idan mai saye ya sanar da mai sayarwa takamaiman aikin da zai yi da kayan, yana da haƙƙin samun wanda ya dace da wannan aiki. Sashe na 132 ya ba shi damar mayar da kayan da suka gaza cika waɗannan sharuɗɗa cikin wata uku, domin a gyara, ko a musanya, ko a mayar masa da kuɗinsa. Dokar ta kuma haramta yaudarar mai saye da bayanin ƙarya. Saboda haka rubuta "ba a dawo da kaya" a jikin rasit ba ya soke haƙƙin wanda aka sayar wa kaya mai aibi.

Shawararmu ga mai saye ita ce, idan da niyyar iyo zai sayi agogo, ya faɗa wa mai shago tun kafin ciniki, ya nemi a rubuta masa alamar juriyar ruwan da lambar agogon da kwanan wata a kan rasit, ya kuma adana kwalin da littafin bayanin.

Idan Ruwa Ya Riga Ya Shiga

1. A cire agogon a kashe shi, kada a sanya shi a caji.
2. A goge shi da ƙyalle mai laushi, a ajiye shi a inuwa inda iska ke kaɗawa.
3. Kada a shanya shi a rana ko kusa da wuta, kada kuma a tsokani ramukansa da tsinke.
4. Kada a dogara da binne shi cikin shinkafa, domin ba ta fitar da ruwan da ya riga ya shiga ciki.
5. Kada a kai shi wurin mai gyaran bakin titi matuƙar garanti bai ƙare ba, domin buɗe shi na iya soke garantin.
6. A ɗauki hotonsa, a kai shi shagon da aka saya ko cibiyar gyara ta kamfani tare da rasit. Idan an ƙi karɓa, a nemi dalilin a rubuce, sannan a kai koke ga hukumar FCCPC ko hukumar kare masu saye ta jiha inda ake da ita.

Wanda agogonsa ya dace da iyo kuma lafiyarsa lau, ya riƙa ɗauraye shi da ruwa mai tsabta bayan ya fito, ya bushe shi kafin caji.

Kira ga Shugabanni

Muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan kasuwa, waɗanda irin wannan ƙara kan fara zuwa gabansu, da su tambayi abubuwa biyar kafin sulhu: wace alama ce a jikin kwali, me mai shago ya faɗa lokacin ciniki, yaushe aka saya, a wane irin ruwa aka shiga da agogon, kuma ko ya taɓa faɗuwa ko an taɓa buɗe shi. Amsoshin waɗannan tambayoyi kan nuna wanda ke da gaskiya ba tare da an zalunci kowa ba. Muna kuma kira ga 'yan kasuwa da su ji tsoron Allah, su daina ce wa mai saye agogo "ba ya jin ruwa" alhali ba su san ma'anar alamar da ke jikinsa ba. Jami'an yaɗa labarai na ƙananan hukumomi su taimaka wajen isar da wannan bayani a ranakun kasuwa da tarukan matasa.

Daga ƙarshe, muna tunatar da jama'a cewa rigakafi ya fi magani. Duk wanda bai tabbatar da alamar agogonsa ba, ya cire shi ya ajiye a wuri amintacce kafin ya shiga ruwa. Idan kuma agogo ya suɓuce ya nutse a rafi ko madatsar ruwa, kada a bi shi, domin babu agogon da ya kai darajar rai. Allah Ya sa mu dace, amin.