Gyaran Ƙwayar Halitta: Shin Ƙarshen Sikila Ya Zo?

Uwargida, idan kina rainon mai sikila a Dakata, wataƙila kin ji ana cewa an samo maganin amosanin jini. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar.

Ciwon yana samo asali ne daga tangarɗa ɗaya tak a ƙwayar halittar da yaro ya gada daga uwa da uba. A ƙarshen 2023, Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy. Likitoci kan ɗebi ƙwayoyin da ɓargo ke haɗa jini da su, su gyara su yadda jiki zai koma yin irin jinin ɗan tayi, wanda ba ya lanƙwashewa, sannan su mayar wa majinyaci.

Sai dai kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, ga makonni na jinya a asibiti.

Abin da ke hannunki yau shi ne gwajin jini, wanda dokar Kano ta wajabta kafin aure tun 2024. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da kashi 25 cikin 100 na zuwa da SS. Kafin a sa ranar 'yarki, a gwada su duka biyun.

Mai ciwon kuma, kada ki fasa kai shi asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, ki tambayi likita game da maganin hydroxyurea.