Da Yatsa Ko Da Linzami: Yadda Za Ka Zaɓi Fuskar Kwamfuta Idan Ka Kunna Ta

A garin Difa, da ƙauyukan da ke bakin kogin Komadugu, yawancin manyan da ke zuwa ajin yaƙi da jahilci sun fara taɓa wayar salula tun kafin su taɓa kwamfuta. Hannunsu ya saba da shafa gilashi. Don haka idan aka ajiye musu kwamfuta, sukan kai yatsa ga fuskarta su jira ta amsa. Wata takan amsa, wata ba ta amsawa. Wannan bayani zai nuna maka dalili, da zaɓin da za ka yi idan ka kunna ta.

Fuska biyu, na'ura ɗaya

Fuska ta farko ita ce ta tebur, wadda Faransanci ke kira Bureau. A nan alamomi ƙanana ne, ana nuna su da linzami, wato ɗan abin nan da ake turawa da hannu, ana kuma rubutu da madannai. Kana iya buɗe takardu biyu ko uku gefe da gefe. Fuska ta biyu ita ce ta shafawa. Alamominta manya ne, da tazara tsakaninsu don kada yatsa ya taɓa biyu a haɗe, kuma duk abin da ka buɗe yakan cika gilashin, kamar a waya. Takardunka da hotunanka suna nan yadda suke a kowace fuska. Riga ce kawai aka sauya.

Kamfanin Microsoft ya fito da Windows 8 a shekarar 2012, ya sa fuskar shafawa a gaba ga kowa, har ga wanda gilashinsa ba ya jin taɓi. Mutane suka yi ta ƙorafi. A 2013 aka ba da damar shiga tebur kai tsaye, a 2015 kuma Windows 10 ya bar wa mai na'ura zaɓi. Windows 11, wanda ya fito a 2021, ya janye wannan zaɓi: idan aka cire madannai daga irin kwamfutar da ke rabuwa biyu, ita da kanta take ƙara girman alamomi.

Inda zaɓin yake

Microsoft ya daina tallafin yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba 2025, amma kwamfutar da ke da shi tana ci gaba da aiki, kuma sau da yawa shi ake tararwa a kan na'urar da aka sayo ta hannu. Idan irinta ce a gabanka, kuma da Faransanci take, shiga Paramètres, sannan Système, sannan Tablette. A can za a tambaye ka abin da kake so ya fito duk lokacin da ka shiga: fuskar shafawa, ko tebur, ko a bar na'ura ta duba da kanta. Abin da ka zaɓa shi za ka tarar gobe.

Ga abin da ya fi tayar wa sababbin ɗalibai hankali. Mutum ya taɓa wani wuri bisa kuskure, sai alamomin tebur su ɓace, manyan murabba'ai su cika gilashi. Sai ya ɗauka aikin mako guda ya salwanta. Na ga ma'ajin wata ƙungiyar manoman tattasai ya ɗauki kwamfuta zai kai wa mai gyara, yana shirin biyan kuɗi, alhali lissafin buhunansa bai je ko'ina ba. Idan haka ta same ka, danne madannin da ke da hoton taga, ka haɗa da harafin A. Wani shafi zai fito a gefen dama. Taɓa inda aka rubuta Mode tablette, tebur zai dawo.

Wanne ya dace da kai?

Da farko gwada gilashin. Ɗora yatsa a kan wata alama. Idan ba ta motsa ba, tebur ne naka, magana ta ƙare.

Idan tana jin taɓi, sai ka dubi aikin. Wanda ke koyon gane baƙaƙe da wasula, ko sauraren darasi, ko duba hoton cutar ganye, shafawa ta fi masa sauƙi. Akwai kuma wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba. Madannan da ke kasuwa ba su da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ a rubuce a jikinsu. Har wa yau, kwamfutar da ta zo da tsarin Faransa jerinta na sama yana farawa da AZERTY, wadda ta ƙetaro daga Nijeriya kuma da QWERTY, sai ɗalibi ya nemi A ya tarar da Q. Madannan da ke fitowa a kan gilashi kuwa ana iya sauya su zuwa Hausa, ka ga harafin da idonka.

Amma ranar da za ka rubuta wasiƙa, ko jerin sunayen ƴan ƙungiya da kuɗin da kowa ya zuba, koma tebur. Gidajen lissafi ƙanana ne, yatsa kuwa ya fi su faɗi, kuma madannan gilashi suna rufe kusan rabin takardar. Sifiri ɗaya ya faɗa gidan da ba nasa ba, jaka biyar ta zama jaka hamsin. A ganina, bai kamata malami ya bar ɗalibi a kan shafawa fiye da ƴan makonni ba, domin aikin ofis da tebur ake yin sa.

Gilashin yana gane yatsa ne ta ɗan lantarkin da ke jikin mutum. Jiƙaƙƙen hannu yakan rikita shi, busasshen yatsa mai kanta a lokacin hunturu kuma wani sa'in ba ya jin sa. Idan daga lambu ka fito, wanke hannu ka tsane shi sosai. Ka riƙa goge ƙura da tsumma mai laushi, kada ka zuba wa gilashin ruwa.