Yadda Arha da Jimirin Batir Suka Ɗaukaka Game Boy

A shekarun 1990, lokacin da Jalingo ke bunƙasa a matsayin babban birnin sabuwar Jihar Taraba, 'yar na'urar wasan jera bulo mai suna Brick Game ta bazu a kasuwannin ƙasar nan. Kwaikwayo ce mai rahusa; wasan nata ya yi suna ne a kan Game Boy, ta kamfanin Nintendo na Japan, wanda ya soma da buga karta a 1889.

Injiniyan kamfanin, Gunpei Yokoi, ya ga wani fasinja a jirgin ƙasa yana latse-latsen kalkuleta don rage zaman kewa. Wannan ya haifar da Game & Watch a 1980, sannan Game Boy a watan Afrilun 1989, kan yen 12,500.

Yokoi ya ƙi allo mai launi, ya zaɓi tsofaffin kayan haɗi waɗanda farashinsu ya riga ya faɗi. Batir huɗu kan kai mai wasa sa'o'i fiye da goma. Game Gear ta kamfanin Sega, wadda ta fito a 1990 da launi mai ɗaukar ido, takan cinye batir shida cikin sa'o'i uku zuwa biyar, kuma iyaye ke biyan kuɗin batir, ba yara ba.

Game Boy da magajiyarta mai launi sun sayu fiye da miliyan 118. Yokoi ya rasu a haɗarin mota a 1997.